Sabon furosesa a tsohon bod: abin da ya riƙa kashe mini kwamfuta

Duk wanda ya sauya wa kwamfutarsa ta tebur furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, sannan ta fara kashe kanta ko tana watso masa shuɗin allo, shawara biyu ce za ta fara zuwa kunnensa. Wasu su ce ya mayar wa mai kaya abinsa, matacce aka sayar masa. Wasu su ce a yi mata fomatin kawai a huta. Ni ma duka biyun an ba ni, kuma da na bi ɗaya daga cikinsu da har yau ban san abin da ke damun injin da nake cin abinci da shi ba. Abin yana taɓa ni, don na ga mutane sun ɓata da abokan cinikinsu a kan furosesan da lafiyarsa ƙalau, na kuma ga wanda ya goge hotunan bikin mutane a banza.

Sana'ata haɗa bidiyo ce a nan Kano: biki, walima, saukar karatu, jefi-jefi tallan 'yan kasuwa. Kwamfutar da nake aiki da ita an gina ta ne a kan madabod (bod, babban faifan da ake haɗa duk sassan kwamfuta a kansa) samfurin B450, da furosesa Ryzen 5 2600 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2018, mai ƙwayoyin aiki shida. Ya yi mini hidima sosai. Amma da masu biki suka fara turo ɗauka mai nauyi daga sababbin wayoyi da kyamarori, sai fitar da bidiyo ɗaya ya koma cin rabin dare. Na tara kuɗi na sayi Ryzen 7 5800X na hannu, mai ƙwayoyi takwas.

Abin da ya ba ni damar yin haka ba tare da na sayi sabon bod ba shi ne mazaunin furosesan. Kamfanin AMD ya daɗe a kan mazauni ɗaya da ake kira AM4, mai ramuka 1331, tun Ryzen na farko a 2017 har zuwa jerin 5000 da suka fito a Nuwamba 2020. A watan Mayun 2020 kamfanin ya fara cewa sababbin ba za su yi aiki a kan B450 da X470 ba, jama'a suka yi ca, cikin ƙanƙanin lokaci ya janye maganar. A 2022 ma aka buɗe wa tsofaffin bod masu B350 da A320 hanya. Alheri ne babba ga irinmu da ba ma iya sauya komai lokaci ɗaya. Sai dai shigar furosesa cikin mazauni daban, bod ya iya ɗaukar nauyinsa daban. Wasu daga cikin bod ɗin nan an ƙera su shekaru biyu ko uku kafin a ƙera abin da za ka ɗora musu.

Kafin in kai ga matsalar, akwai abubuwa uku da ake yi tun tsohon furosesa yana ciki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na ɗaya, sabunta BIOS, ƙaramar manhajar da ke cikin bod wadda ke tayar da kwamfuta kafin Windows. Tsohon bod bai san sunan sabon furosesa ba sai an sanar da shi, kuma yawancin bod masu araha ba sa karɓar sabuntawa sai da furosesan da suka riga suka sani. Idan ka cire tsohon ka sayar kafin ka sabunta, fankoki za su juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Kada kuma ka yi wannan aiki a kan wutar gari. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, bod zai iya mutuwa murus. Ni a kan inbata na yi, batir a cike. Na biyu, idan faifanka yana kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, ka nemo makullinsa mai lambobi 48 ka rubuta a takarda, ko ka dakatar da kullen. Sirrin da ke buɗe faifan yana ajiye ne a wani sashe da ke jingine da furosesa, wanda ake kira fTPM. Da ka sa sabo, kwamfuta za ta tambaye ka ka danna Y ko N, kuma wanda ya danna Y babu makulli a hannu zai iya rasa hanyar shiga faifansa. Na uku ƙarami ne amma yana jawo asara: ka kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi kafin ka cire fankar furosesa, ka murɗa ta hagu da dama a hankali. Busasshen man da ke tsakani yana riƙewa da ƙarfi, kuma idan ka fizga kai tsaye, furosesan zai biyo fankar ya lanƙwashe ƙafafunsa.

Duk na yi waɗannan. Kwamfuta ta tashi, Windows ta gane sabon furosesa, na shiga BIOS na kunna saitin da ake kira XMP don RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya yi gudun 3200 da aka rubuta a jikinsa. Na sa bidiyo gajere, ya fita cikin lokacin da ban taɓa gani ba. Washegari matsala ta fara.

Da farko na ɗauka cuta ɗaya ce. Sai da na ajiye littafi kusa da allo, duk sanda ta faɗi in rubuta lokaci, da abin da nake yi, da yadda ta faɗin, sannan na ga ashe iri biyu ce. Akwai faɗuwar da ke zuwa da shuɗin allo, ba ta da lokaci, ko ina rubutu ko ina duba intanet, kuma kullum da sabon suna: yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, jibi PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA. Akwai kuma ɗayar, wadda ba ta sallama: ina tsakiyar fitar da dogon bidiyo sai komai ya ɗauke ɗif, babu saƙo babu komai. Wannan ta biyun ta fi zuwa tsakanin azahar da la'asar. Da daddare bidiyo iri ɗaya yakan fita lafiya.

A ganina littafin nan ya fi duk wata manhajar gwaji da na sauke amfani. Lokacin da kwamfuta ta faɗi shi ne ke nuna maka inda za ka duba. Wadda ke mutuwa a ƙarƙashin aiki mai nauyi tana nuna zafi ko wuta. Wadda ke fitar da shuɗin allo mai sunaye barkatai tana nuna RAM. Wadda ke sake tashi da kanta alhali ba a aikin komai, ita ce ake zargin furosesa ko saitin wutarsa a kanta. Windows ma tana da nata littafin, Event Viewer. Mutane da yawa suna buɗe shi su ga "Kernel-Power 41" da jan launi su firgita, su ce akwatin wuta ne ya lalace. Wannan saƙon ba ya nufin komai illa cewa kwamfuta ta mutu ba ta hanyar da aka saba kashe ta ba. Ko wuta aka ɗauke shi za ka gani. Wanda ya kamata a nema shi ne "WHEA-Logger" mai lamba 18, wanda ke nuna furosesan da kansa ya kai ƙarar kuskure a cikinsa. A nawa babu ko ɗaya. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Ƙanena da ke taya ni ɗauka bai gamsu ba. Ya ce, "Yaya, kafin a sa wannan abin ba ta taɓa yi ba. Ai shi ne kawai aka canza." Maganarsa tana da hujja, kuma ita ce hujjar da kowa ke kawowa. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne sauya furosesa ba sauya abu ɗaya ba ne. Sashen da ke sarrafa RAM yana cikin furosesa, ba a jikin bod yake ba, don haka RAM ɗinka ya samu sabon mai ba shi umarni. BIOS ya sabunta, saitukansa sun koma farko. Wutar da ake ja ta ƙaru, zafin da ake fitarwa ya ƙaru, fankar ma sabuwa ce. Idan aka ɗaura ƙaƙƙarfan bijimi a tsohuwar garma, karkiya ce ke fara tsagewa, bijimin kuwa lafiyarsa lau.

Na fara da RAM don shi ne mai sauƙin gwadawa. Na cire wayar wuta, na cire ƙaramin batirin nan CR2032 na jikin bod na ɗan jira, na mayar, don BIOS ya manta duk abin da aka taɓa saita masa. Na bar XMP a kashe, RAM ya koma gudunsa na asali mai sanyi. Shuɗin allo ya ɗauke ƙafa. Don in tabbatar, na sa MemTest86 a filash, manhajar da ke tashi ba tare da Windows ba tana rubuta lambobi cikin RAM tana karanta su. A gudun asali ta gama zagayenta babu kuskure. Na mayar da XMP a 3200, ba a jima ba jajayen layuka suka fara sauka.

A nan ne na koyi abin da ya kamata duk mai sayen RAM ya sani. Sanduna huɗu ne a kwamfutata, biyu na saya tun farko, biyu na ƙara daga baya. Suna ɗaya, lamba ɗaya a jikin kwali. Amma kamfanonin RAM ba lallai su ci gaba da amfani da ƙwayoyi iri ɗaya a cikin sanda mai suna ɗaya ba, kuma alkawarin gudun da ke jikin kwali na sandunan da aka gwada tare ne aka sayar tare. Bayan haka, AMD da kansa ya rubuta cewa gudun 3200 da wannan furosesa ke ɗauka na sanda biyu ne. Idan sun kai huɗu, abin da ya lamunta 2933 ne, ko ma 2667 idan sandunan masu layi biyu ne na ƙwayoyi. Wasu suna wuce haka lafiya, sa'a ce ta kayan da suka samu, amma ba haƙƙi ba ne. Tsohon furosesana iyakarsa 2933 ce dama, shi ya sa sandunan suka yi shekaru tare ba a ji kansu ba. Na saita 2933 da hannu, na bar MemTest86 ta kwana tana aiki, da safe babu jan layi ko ɗaya. A aikin bidiyo ban ji bambanci tsakanin 2933 da 3200 ba.

Bari in tsaya a kan maganar fomatin, don ita ce shawarar da na fi jin haushi. RAM mai kuskure yana gurɓata abin da ya ratsa ta cikinsa. Idan ka ɗora sabuwar Windows a kan kwamfutar da RAM ɗinta ke kuskure, ka rubuta gurɓatacciyar Windows da hannunka, kuma shuɗin allon zai dawo, ga shi ka rasa manhajojinka da saitukanka. Idan bod bai canza ba, sauya furosesa ba ya buƙatar sabuwar Windows. Abin da yake buƙata shi ne a sauke sabon direban bod, manhajar da Windows ke sarrafa bod da ita, daga shafin AMD. Bayan RAM ya daidaita, na buɗe tagar umarni na rubuta sfc /scannow don Windows ta duba fayilolinta ta gyara wanda ya taɓu a kwanakin rikicin. Na kuma sake kwafo ayyukan mutane na kwanakin daga katin kyamara, don ban aminta da abin da aka kwafa a lokacin ba.

Saura mutuwar rana. Ita ce ta fi ba ni wahala, don duk abin da na duba da farko lafiya yake. 5800X an san shi da zafi. Ƙwayoyinsa takwas duk a cunkushe suke a ɗan guntu guda, ba a sayar da shi da fanka, kuma yayin da tsohon nawa yake a ajin wat 65, shi yana ajin wat 105, da izinin jan har wat 142 idan aiki ya yi nauyi. Na san da haka, shi ya sa na saya masa doguwar fanka mai bututun tagulla. Na buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, ina kallon zafinsa ana fitar da bidiyo. Yana hawa sosai, amma bai kai digiri 90 da aka yanka masa ba. Ko ya kai ma, furosesan zamani ba ya mutuwa a nan, rage gudu yake yi ya kare kansa. Duk da haka na cire fankar, na goge man, na sake shafa sabo, na ɗaure kusoshin daidai ta kusurwa da kusurwa. Babu abin da ya canza.

Sai zargi ya koma kan akwatin wuta, abin da masu gyara ke kira fawa-fak. Nawa ya tsufa, ya sha hawa da saukar wuta da janareta. Akwai wani dattijo mai gyara da na daɗe ina zuwa wurinsa, na kai masa ƙarar. Ya ara mini akwati mai kyau na gwaji, na haɗa, na tabbatar wayar nan mai baki takwas da ke ciyar da furosesa ta shiga har ta yi ƙara. Da azahar ta yi, na sa dogon bidiyo. Ta mutu kamar kullum.

Da na mayar masa da akwatin na ce, "Malam, ba shi ba ne." Bai yi mamaki ba. Ya tambaye ni wace irin fanka ce a kai da, wace iri ce yanzu. Na faɗa masa. Ya ce, "To ɗana, koma ka buɗe murfin gefe, ka ɗauko fankar ɗakinka ta tsaye ka saita ta a kan bod, ka sake gwadawa a daidai lokacin da take mutuwa." Na yi haka. Bidiyon ya fita har ƙarshe. Na sa wani, shi ma ya fita.

Bayanin da ya yi mini ya zauna daram. A kewayen mazaunin furosesa akwai jerin ƙananan sassa, VRM, waɗanda aikinsu shi ne su karɓi wuta mai ƙarfin bolt 12 daga akwati su sauke ta zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da furosesa ke sha. Wannan aiki yana fitar da zafi, kuma zafin yana ƙaruwa fiye da yadda wutar ke ƙaruwa: idan wutar da ke ratsa su ta ninka, asarar da ke zama zafi tana iya kusan ninkawa huɗu. Bod masu tsada suna da irin waɗannan sassa da yawa, an lulluɓe su da ƙarfe mai shan zafi. Nawa mai araha ne, sassan kaɗan ne, wasu ma tsirara suke. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne tsohuwar ƙaramar fankar da ta zo da 2600 ƙasa take hurawa, iskarta tana bazuwa a kan waɗannan sassa tana sanyaya su. Doguwar fankar da na saya gefe take hurawa, ta saman su take wucewa. Wato an ninka musu kaya an kuma janye musu iska, a garin da zafin Afrilu kan kai digiri 40, cikin ɗakin da babu na'urar sanyaya iska. Bod ɗina ba ya nuna zafin wannan wuri a HWiNFO, shi ya sa lambobi suka yi ta cewa lafiya.

Wannan gwajin fankar ɗaki ina ba kowa shawararsa. Ba ya cin ko kwabo, kuma yana raba gardama tsakanin zafi da sauran abubuwa cikin yini ɗaya. Masu gwada kayan kwamfuta da muke kallo a intanet yawanci a ɗakuna masu sanyi suke aikinsu. Bod ɗin da suka ce ya isa, wataƙila ya isa a can. Mu sai mun ƙara lissafin zafinmu da ƙurar hunturu da ke toshe ƙarfen fanka.

Maganin bai kai ga sayen sabon bod ba. Na ɗaura ƙaramar fanka a rufin akwatin tana hura wa sassan kai tsaye. Sannan na shiga BIOS na kunna abin da ake kira Eco Mode, wanda ke rage wa furosesan izinin jan wuta daga wat 142 zuwa kusan 88. Mutane ba sa son jin wannan, suna ganin kamar an rage musu abin da suka saya. Amma ƙarshen gudun furosesa shi ne mafi tsada a wuta. Da na kwatanta bidiyo ɗaya a saitin biyu, ƙarin lokacin ɗan kaɗan ne, kuma har yanzu ya yi wa tsohon nisa. Ga mai aiki da inbata, ragin wutar ma riba ce ta daban. Bidiyon da ya fita a makare da 'yan mintuna ya fi mini wanda ya mutu a tsakiya alhali uwar amarya tana waya.

Ba ina cewa furosesa ba ya lalacewa ba ne. Yana lalacewa, kuma alamarsa daban ce. Idan ka mayar da BIOS saitin farko, XMP a kashe, sanda ɗaya ta RAM da ka tabbatar da lafiyarta, akwatin wuta mai kyau, amma kwamfuta tana sake tashi ana zaune ko ana aiki mara nauyi, kuma Event Viewer yana tara WHEA mai lamba 18, to zargi ya hau kansa. Kafin ka yanke hukunci akwai saiti ɗaya da ya cancanci gwaji, "Power Supply Idle Control", a mayar da shi "Typical Current Idle", don wasu tsofaffin akwatunan wuta ba sa jure raguwar jan wuta sosai idan furosesa ya huta. Idan hakan bai yi ba, sai a mayar da tsohon furosesa a gani, ko a gwada sabon a wani bod. Shi ya sa nake cewa kada a yi gaggawar sayar da tsohon. Masu furosesan kamfanin Intel kuma su san da wani lamari na daban: a 2024 kamfanin ya amince cewa wasu furosesansa na tebur na ƙarni na 13 da na 14 suna neman wuta fiye da kima har ta lalata su sannu a hankali. Ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, na 0x129 a Agusta da na 0x12B a Satumba, ya kuma ƙara wa garanti shekaru biyu. Gyaran yana hana lalacewa ta gaba, ba ya dawo da wanda ya riga ya taɓu. Duk mai sayen irin waɗannan na hannu ya gwada su sosai kafin ya biya.

Akwai ƙaramar matsala ta ƙarshe da ta rage mini bayan duk wannan. Lokaci-lokaci ina sauraren murya a bidiyo sai sauti ya yi ƙiris ya kakare na ɗan daƙiƙa, linzami ya tsaya, sannan komai ya ci gaba. Ga mai daidaita murya da hoto wannan ba ƙaramin abu ba ne. AMD ya bayyana a Maris 2022 cewa fTPM ne ke jawo irin wannan tsaiko a wasu kwamfutoci, kuma gyaran ya zo a cikin BIOS mai ɗauke da AGESA 1.2.0.7, wato lambar ɓangaren BIOS da AMD ke samarwa. Wanda na ɗora ya san sabon furosesa amma bai kai wannan lamba ba. Na ɗora na gaba, shi ma a kan inbata. Sabunta BIOS yana share saituka, don haka na sake sa RAM a 2933, na sake kunna Eco Mode daga abin da na rubuta a littafi, na kuma sake barin MemTest86 ta kwana. Tsaikon ya tafi.

Yanzu haka injin ke aiki, murfinsa a rufe, na ɗaga shi daga ƙasa zuwa kan tebur saboda ƙura. Idan sanyi ya shigo a Disamba ina da niyyar in ɗaga iyakar wutar zuwa wajen wat 105 in ga ko sassan bod ɗin za su ɗauka da sabuwar fankar, in kuma sauke ta kafin bazara ta dawo.